Sallama Kafin Shiga: Ra'ayi Kan Tsarin Tantancewa na Asali a Rumbunan Bayanai, Daga Mahangar Dauran

Tsakure

Wannan maƙala ra'ayi ce a kan wata shawara da ake yankewa cikin 'yan daƙiƙu, amma sakamakonta yakan ɗauki shekaru yana bin mutane: wace hanya manhajar rumbun bayanai za ta bi wajen tantance mai neman shiga, tun daga ranar da aka girka ta a kwamfutar ofis ko ta mai bincike. Maƙalar ta dubi hanyoyin da fitattun manhajoji ke zuwa da su, ta auna su da yanayin Dauran da maƙwabtanta a arewacin jihar Zamfara. Matsayarta ita ce, ya wajaba rumbu ya zo a kulle tun daga farko, kuma wanda ke son buɗe shi ne ya kamata ya sha wahalar buɗewa.

1.0 Gabatarwa

A tsarin gidan Bahaushe na gargajiya, baƙo ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye. Yakan tsaya a bakin zaure ya yi sallama, a amsa masa, a san ko wane ne, sannan a san inda za a sauke shi. Wani a zaure zai tsaya, wani a shiga da shi shigifa, wani kuwa saboda kusancinsa har cikin gida. Maigida bai ɗauki kowa ɓarawo ba. Abin da ya sani shi ne, gidan da ke da iyali da rumbun hatsi ba a barinsa ba tare da an san mai shiga da mai fita ba.

A yau akwai wani irin rumbu da ya shigo rayuwar Hausawa, wato rumbun bayanai na kwamfuta. A cikinsa ake zuba sunayen marasa lafiya da sakamakon ɗalibai da jerin masu karɓar tallafi, da kuma hirarrakin da manazarta ke ɗaukowa daga ƙauyuka. Shi ma yana da zaure, kuma yana da irin tasa sallamar. Matsalar ita ce, wasu daga cikin manhajojin da ke riƙe da irin wannan rumbu suna zuwa ne da zaure a buɗe, kuma mafi yawan masu girka su ba sa komawa su rufe. A garin da ke zaman lafiya wannan sakaci ne da za a iya gyarawa daga baya. A Dauran, cikin ƙaramar hukumar Zurmi, inda suna ɗaya da ya faɗa hannun da bai dace ba zai iya jawo asarar rai, lamarin ya wuce sakaci.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa manazarcin Hausa da wannan batu. Amsar tana kusa. Manhajar OJS da mujallu da dama ke amfani da ita wajen buga maƙalu a intanet, da DSpace da jami'o'i ke ajiye kundayen digiri a ciki, da Koha ta ɗakunan karatu, dukkansu a kan irin waɗannan rumbuna suke zaune. Haka kuma ɗalibin da ya fita tattara karin harshen Zamfarci, ko waƙoƙin Kassu Zurmi daga bakin waɗanda suka haddace su, ko labaran waɗanda rikici ya raba da gidajensu, duk amanar mutane yake kwasowa ya zuba a na'ura.

2.0 Fayyace Kalmomi

Kalmomi uku ne ginshiƙin wannan tattaunawa. Ta farko ita ce rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da ake jera bayanai cikin tsari domin a nemo su cikin sauƙi. Manhajar da ke kula da rumbun, kamar PostgreSQL ko MySQL ko MariaDB ko MongoDB, tana zama ne a kwamfuta tana sauraron buƙatu, kamar yadda ma'aji ke zama bakin taskarsa. Idan an girka ta a kwamfutar da ke gaban mutum, ba a wata babbar cibiya mai nisa ba, ita ce ake nufi da rumbun cikin gida a wannan maƙala.

Ta biyu ita ce tantancewa, wato hanyar da manhajar ke bi ta tabbatar cewa mai neman shiga shi ne wanda ya ce shi ne. Ta bambanta da ba da izini, wanda ke zuwa bayanta: sallama da gane fuska daban, sanin ɗakin da baƙo zai iya shiga daban.

Ta uku ita ce tsarin asali, wato yanayin da manhaja ke kasancewa a ciki idan mai girkawa bai taɓa komai ba. Wannan shi ne mafi muhimmanci, domin ɗan Adam yana da ɗabi'ar barin abu yadda ya same shi matuƙar yana aiki. Mai girka manhaja yakan yi ta danna maɓallin ci gaba har ya ga aiki ya tashi, daga nan ya shiga wata hidimar. Saboda haka abin da masu ƙera manhaja suka zaɓa a matsayin tsarin asali, a aikace shi ne dokar da dubban kwamfutoci za su rayu a kanta.

3.0 Hanyoyin da Manhajoji ke Zuwa da Su

PostgreSQL ta fi sauran bayyana zaɓuɓɓukanta a fili, don haka ta dace a ɗauke ta misali. Tana da fayil guda mai suna pg_hba.conf, inda ake rubuta wanda zai shiga, daga ina, kuma ta wace hanya. Hanyoyi huɗu daga ciki su ne suka shafi rumbun cikin gida.

Ta farko ita ce yarda kai tsaye, wadda ake rubuta wa "trust" a fayil ɗin. A nan manhajar ba ta tambayar komai. Duk wanda ya iso ya ce shi ne wane, an karɓa, ko da kuwa ya ce shi ne babban mai iko da rumbun. Shi kuwa babban mai iko, bayan karanta komai da goge komai, yana iya sa manhajar ta gudanar da umarni a kan ita kanta kwamfutar. Idan aka kafa sabon rumbu da umarnin initdb ba tare da an zaɓi wata hanya ba, wannan ce hanyar da ake samu ga masu shiga daga cikin kwamfutar, sai dai manhajar takan rubuto gargaɗi da Ingilishi a ƙarshen aikin. A shekarar 2019 masu haɓaka manhajar sun yi yunƙurin sauya wannan tsari, amma aka janye sauyin bayan ya ci karo da na'urorin gwajinsu.

Ta biyu ita ce shaidar babbar manhaja, wadda ake rubuta wa "peer". A nan rumbun yakan tambayi babbar manhajar kwamfutar sunan wanda ke zaune a kanta, idan ya dace da sunan da aka nema sai a buɗe. Misalinta shi ne mai gadin da ba ya neman takarda daga wanda maigida da kansa ya rako. Wannan ce Debian da Ubuntu suka zaɓa a nasu kunshin na PostgreSQL. Tana aiki a Linux da danginta, amma ba ta aiki a Windows.

Ta uku ita ce kalmar sirri ta tsohon salo, mai suna md5. Ta yi zamani, amma rauninta ya bayyana: wanda ya sace sakayayyar kalmar da aka ajiye a rumbun zai iya shiga da ita ba tare da ya san ainihin kalmar ba.

Ta huɗu ita ce kalmar sirri ta sabon salo, SCRAM-SHA-256, wadda ta shigo da fitowa ta 10 a shekarar 2017, ta kuma zama hanyar asali ta ajiye kalmar sirri daga fitowa ta 14 a shekarar 2021. A wannan hanya kalmar ba ta bi ta kan waya. Ɓangarorin biyu sukan yi musayar lissafi wanda ke tabbatar wa kowanne cewa ɗayan ya san sirrin, ba tare da an furta shi ba.

Sauran manhajojin ma sun bi irin wannan tafarki. MySQL ta koma ga sabuwar hanyar kalmar sirri mai ƙarfi a fitowarta ta 8.0 a shekarar 2018. MariaDB, daga fitowa ta 10.4 a shekarar 2019, ta mai da shaidar babbar manhaja hanyar asali ga babban mai iko. Amma akwai kunshin XAMPP, wanda ɗaliban kimiyyar kwamfuta suka saba gina ayyukan kammala karatunsu a kai. Shi yana zuwa ne da babban mai iko mai suna root ba tare da kalmar sirri ko ɗaya ba. Masu shirya shi sun faɗa a fili cewa don koyo da gwaji aka yi shi. Sai dai aikin da aka gina don neman maki yakan tsallaka ya zama manhajar rajistar wata makaranta ko wani ɗakin shan magani, ya tafi da ƙofarsa a buɗe kamar yadda aka haife shi.

4.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Duniya ta riga ta gwada barin zaure a buɗe, kuma ta ga sakamakonsa. Shekaru da dama MongoDB tana zuwa ba tare da an kunna tantancewa ba, kuma a wasu hanyoyin girka ta tana sauraron duk wanda ya ƙwanƙwasa daga ko'ina. A watan Janairu na 2017 masu kutse suka bi intanet suna neman irin waɗannan rumbuna, suna kwashe ko goge abin da ke ciki, suna barin saƙon neman kuɗin fansa. Rumbunan da abin ya shafa sun haura 20,000 cikin 'yan makonni. Babu wata gwaninta da aka nuna a wannan ɓarna, domin babu makullin da aka karya. A ƙarshen wannan shekarar, fitowa ta 3.6 ta zo da sabon tsarin asali wanda ke sauraron cikin kwamfutar kaɗai.

Kafin wannan, a shekarar 2016, muguwar manhajar Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin rarraba intanet ta hanyar gwada 'yan kalmomin sirrin da kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta. Irin wannan ne ya sa jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar da ta fara aiki a 2020, Birtaniya kuma ta bi da tata a watan Afrilu na 2024, dukkansu suna hana sayar da na'urori masu kalmar sirri guda ga kowa da kowa. Abin lura a nan shi ne inda masu dokar suka ɗora nauyi. Sun gane cewa wa'azi ga miliyoyin masu saye ba zai yi tasirin da gyara tsarin asali a wuri ɗaya zai yi ba.

5.0 Yadda Lamarin Yake a Dauran da Kewayenta

Akan ce rumbun cikin gida ba ya cikin haɗari tunda ba ya kan intanet. Wannan zance an gina shi ne a kan wani zato: cewa kwamfuta tana zaune a ofis mai makulli, mutum ɗaya ke amfani da ita, kuma duk wanda ya zauna gabanta mai ita ne. Zaton ya fito ne daga yanayin waɗanda suka ƙera manhajojin. Ya kamata a auna shi da yanayin arewacin Zamfara.

Da farko, yankin na da dalili mai ƙarfi na dogara da rumbun cikin gida. A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin jihar Zamfara saboda matakan tsaro, kuma yankunan karkara sun shafe makonni masu yawa babu sadarwa. Duk ma'aikacin lafiya ko malami ko mai bincike da bayanansa ke can wata cibiya mai nisa, ya ga yadda aiki ke tsayawa cik. Ko a lokacin da layuka ke aiki, ƙarfinsu a tsakanin Dauran da Zurmi da Shinkafi ba abin dogaro ba ne. Saboda haka ajiye bayanai a kwamfutar da ke hannu hikima ce, kuma za a ci gaba da yin ta.

Na biyu, kwamfutar da ke hannu a wannan yanki 'yar tafiya ce. Takan hau motar haya zuwa Ƙaura Namoda ko Gusau a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Takan kwana a shagon mai caji saboda rashin wutar lantarki. Idan ta lalace akan bar ta kwanaki wurin mai gyara. A ofis kuma mutum uku ko huɗu ke karɓa-karɓa da ita, wani ya buga takarda, wani ya kwafi fim, wani ya haɗa ta da wayarsa don samun intanet. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, da kowace manhaja da ya shigo da ita a filashi, a idon tsarin yarda kai tsaye babban mai iko ne. Da ɗan gari akan ci gari.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne irin abin da ke cikin rumbun. A ɗauki misalin ɗalibin da ke nazarin tasirin rikici a kan harshe da adabin baka. Ya zauna da dattawa da zawarawa da matasa, sun ba shi labari saboda ya yi musu alkawarin sakaya sunayensu. A rumbunsa akwai suna da unguwa da lambar waya da muryar mai magana, akwai wanda ya faɗi ranar da aka shigo ƙauyensu, da wanda ya ambaci kuɗin da aka tara aka biya, da wanda ya faɗi sunan da bai kamata a ji daga bakinsa ba. A yankin da kalmar "infoma" kaɗai ta isa ta jawo wa mutum halaka daga kowane ɓangare, wannan rumbu ya fi kuɗi haɗari. Haka jerin masu karɓar tallafin kuɗi yake, domin yana nuna gidan da kuɗi ya shiga da ranar da ya shiga. Haka ma rajistar asibiti, wadda ke ɗauke da sunayen waɗanda aka yi wa ɗinki ko matan da aka ci zarafinsu.

Dokar ƙasa ma ta san da wannan nauyi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin ɗaukar matakan tsaro da suka dace. Ta ware bayanan lafiya da ƙabila da addini a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukumar da ke kula da dokar cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da ke iya cutar da masu bayanan. Rumbun da ba ya tantance kowa ba zai ma iya faɗin wanda ya shiga ba, balle a san an yi ɓaraka.

6.0 Hujjojin Masu Saɓanin Ra'ayi

Masu goyon bayan sauƙaƙa shiga suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su.

Hujja ta farko ita ce tsoron mantuwa. A ofisoshin da ake yawan sauya wa ma'aikata wurin aiki, kuma babu ƙwararren mai kula da kwamfuta a kusa, kalmar sirri na iya tafiya da wanda ya sa ta, a wayi gari bayanan shekaru sun kulle. Wannan damuwa ce ta gaskiya. Amma maganinta yana cikin tsarin kansa. Wanda ke da ikon babbar manhajar kwamfutar yana iya sake sa wa rumbun sabuwar kalma, kuma hanyar shaidar babbar manhaja ba ta buƙatar a haddace ƙarin kalma ko ɗaya. Bayan haka, rubuta kalmar a takarda, a rufe a ambulan, a damƙa wa shugaban sashe ko wani amintacce, dabara ce da ofisoshi suka daɗe suna yi da makullan akwatin kuɗi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Masu ita suna cewa wanda ya ƙwace kwamfutar gaba ɗaya zai iya cire faifanta, ya gyara fayil ɗin tantancewa, ko ya karanta bayanan kai tsaye, don haka makullin rumbu ba ya hana komai. Rabin wannan zance gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba: tantancewar rumbu ita kaɗai ba ta kare kwamfutar da ta faɗa hannun ƙwararre. Abin da ke kare ta shi ne sakaya faifan baki ɗaya, da kayan aiki irin su BitLocker a Windows ko LUKS a Linux ko VeraCrypt. Sai dai wannan hujja ce ta ƙara ganuwa, ba ta cire ƙyauren zaure ba. Mafi yawan ɓaraka ba ta hannun ƙwararru take zuwa ba. Takan zo ne ta hannun mai son sani da ya sami na'ura a kunne, ko muguwar manhajar da ke laluben rumbuna marasa makulli, ko wata kwamfuta da ke kan layi ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hujja ta uku ita ce ta malamai, waɗanda ke ganin sa wa mai koyo shinge tun ranar farko yana kashe masa gwiwa. Amsar ita ce, abin da aka koya a ranar farko shi ke zama ɗabi'a. Ɗalibin da ya shekara biyu yana shiga rumbu da sunan root ba tare da kalmar sirri ba, haka zai girka wa asibiti. Minti biyar na sa kalmar sirri darasi ne a karan kansa. Wanda kuma ke da dalilin buɗe rumbun gwaji wanda babu bayanan kowa a ciki, babu mai hana shi. Abin da ake nema shi ne ya buɗe da hannunsa, yana sane da abin da yake yi.

7.0 Matsayar Wannan Maƙala

Ƙa'idar da ya kamata ta jagoranci zaɓen tsarin asali ita ce a yi shi domin mafi ƙarancin sani a cikin masu amfani, kuma domin mafi munin ranar da na'urar za ta gani. Ƙwararre zai iya sassauta abin da aka tsananta masa cikin minti ɗaya. Wanda bai sani ba kuwa ba zai taɓa tsananta abin da aka sassauta masa ba, domin bai san a buɗe yake ba. A bisa wannan, ga abin da ya dace ya zama tsarin asali ga duk rumbun cikin gida da ke ɗauke da bayanan mutane:

1. Kada a bar yarda kai tsaye ko babban mai iko marar kalmar sirri, ko da na kwana ɗaya ne.
2. A Linux, babban mai iko ya shiga ta shaidar babbar manhaja. A Windows, a sa masa doguwar kalmar sirri tun lokacin girkawa, wadda ba sunan gari ko shekarar haihuwa ba.
3. Kowace manhaja da kowane ma'aikaci ya sami nasa suna da tasa kalmar ta sabon salo, da izinin da bai wuce aikinsa ba. Mai shigar da bayanai ba ya buƙatar ikon goge rumbu.
4. Rumbun ya saurari cikin kwamfutar kaɗai. Idan dole ne wasu kwamfutocin ofis su iso gare shi, a ambaci adireshinsu ɗaya bayan ɗaya.
5. A sakaya faifan kwamfutar, a kuma sakaya kwafin ajiya. Gida biyu maganin gobara ne, amma gida na biyun ma yana buƙatar ƙyaure.
6. Ga masu bincike, a raba sunaye da maganganu. Rumbun ya ɗauki lambobi kaɗai, takardar da ke haɗa lamba da suna kuma ta zauna a wani wuri dabam.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sayen wani abu mai tsada. Abin da suke buƙata shi ne a yi su a ranar girkawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

8.0 Rawar da Manazarta Hausa Za Su Taka

Nauyin farko yana kan masu ƙera manhajoji da masu haɗa su a kunshi, sai sassan fasahar sadarwa na makarantu. Cibiyoyin ilimi na jihar, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da Jami'ar Tarayya da ke Gusau, su ne ke yaye matasan da za su girka wa yankin irin waɗannan rumbuna, don haka suna da damar da babu mai irinta ta dasa kyakkyawar ɗabi'a tun daga aji. Amma sassan nazarin Hausa ma suna da ayyuka biyu da babu mai yi musu.

Na farko aikin harshe ne. Gargaɗin da manhaja ke rubutowa da Ingilishin ƙwararru, a tsakiyar layuka masu yawa, daidai yake da rashin gargaɗi ga mafi yawan masu girkawa. Ana buƙatar daidaitattun kalmomin Hausa na wannan fanni, da gajerun jagorori da ma'aikacin ɗakin shan magani zai karanta ya gane. Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Tana da rumbu da ƙyaure da sakata da sallama da amana da sakayawa, kalmomin da ke isar da ma'ana da nauyinta a lokaci guda. Wanda aka ce masa rumbunsa ba shi da ƙyaure ya fahimci haɗarin nan take, fiye da wanda aka karanto wa sunan wani fayil.

Na biyu aikin ɗa'ar bincike ne. Malamai masu duba kundaye sun saba tambayar ɗalibi yadda ya zaɓi waɗanda ya yi hira da su da kuma ra'in da ya ɗora aikinsa a kai. Lokaci ya yi da za a ƙara tambayoyi uku kafin a sallami ɗalibi zuwa fagen bincike, musamman a yankunan rikici: a ina bayanan za su zauna, wa zai iya buɗe su, kuma me zai faru idan na'urar ta ɓace a hanya? Alkawarin sakaya suna da ake rubutawa a babi na uku na kundi ba ya cika da kyakkyawar niyya kaɗai. Yana cika ne a cikin saitin na'urar da aka zuba sunayen.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsarin asali shi ne ke mulki a aikace, cewa wasu fitattun manhajoji har yanzu suna zuwa da hanyoyin da suka ginu a kan zaton ofis mai makulli da mai amfani guda, kuma cewa wannan zato bai dace da Dauran da Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda ba. Ta amince cewa makullin rumbu shi kaɗai bai isa ba, ta kuma nuna abin da ya kamata a haɗa masa. Dattijuwar da ta zauna a kan tabarma ta ba ɗalibi labarin daren da aka kore su daga ƙauyensu ba ta san sunan wata manhaja ba, kuma babu wanda ya nemi shawararta a ranar da aka girka rumbun. Ta dai ba da amana ne ga wanda ya yi mata sallama. Haƙƙinta ne duk wanda zai kai ga maganarta bayan haka, shi ma a tsayar da shi a zaure a tambaye shi ko wane ne.